Brian Greenwood: Likitan da ya bi sawun sanƙarau daga Zariya

Duk wanda ya tashi a Arewa ya san cewa cututtuka ma suna da kalandarsu. Idan iskar hunturu ta busar da maƙogwaro, zafin bazara ya biyo baya, sai a fara fargabar sanƙarau. Da damina ta sauka sanƙarau ya lafa, zazzaɓin cizon sauro ya karɓi fage. Farfesa Brian Greenwood, Baturen Ingila da aka haifa a 1938, ya shafe fiye da shekara hamsin yana nazarin wannan kalanda, kuma a Zariya ya fara karantarta.

Ya zo Nijeriya a 1965 ya yi aiki a asibitin koyarwa na Ibadan. A 1970 ya koma Jami'ar Ahmadu Bello, inda ya zauna shekara goma. A nan annobar sanƙarau ta 1977 ta same shi, marasa lafiya suka fi ƙarfin gadaje da ma'aikata. Maganin da aka saba bayarwa a lokacin yana buƙatar allura sau da yawa a rana har tsawon kwanaki, abin da ƙaramin asibitin ƙauye ba zai iya ba. Shi da abokan aikinsa, 'yan ƙasa da baƙi, suka gwada allura guda ta maganin kuloramfenikol wanda aka haɗa da mai, domin ya daɗe yana aiki a jiki. Ta yi aiki. Shekaru masu yawa bayan haka, da ita aka riƙa tarbar annobar a faɗin yankin da ya miƙe daga Senegal zuwa Habasha.

Wani binciken na Zariya bai yi amo kamar wannan ba, alhali ya fi shi zurfi. Sun gano cewa yaron da ke fama da zazzaɓin cizon sauro, garkuwar jikinsa ba ta amsa allurar rigakafin sanƙarau yadda ya kamata. Ashe cutar damina tana da hannu a ta bazara.

A 1980 ya tafi Gambiya ya shugabanci cibiyar binciken lafiya ta Birtaniya da ke can, na kusan shekara goma sha biyar. Gidan sauro ba baƙon abu ba ne a ƙauyukan Gambiya. Abin da ba a tabbatar ba shi ne ko jiƙa shi da maganin ƙwari zai hana mutuwa. Sakamakon da aka wallafa a 1991 ya nuna mace-macen yara 'yan shekara ɗaya zuwa huɗu sun ragu da kusan kashi 60 cikin ɗari. Matashin da ya jagoranci aikin a ƙauyuka, Pedro Alonso, shi ne daga baya ya riƙe sashen yaƙi da maleriya na Hukumar Lafiya ta Duniya. Idan ana lissafin tasirin Greenwood, irin waɗannan ɗalibai, da likitocin Afirka da ya horar, sun cancanci a sa su gaba da lambobin yabo, duk da cewa su ma ya tara: kyautar Hideyo Noguchi ta ƙasar Japan a 2008, da sarautar Sir a 2012.

Komawarsa Landan a 1996 ta zo daidai da shekarar da sanƙarau ya kama mutum fiye da 100,000 a Nijeriya, ya kashe sama da 11,000. Tsofaffin alluran rigakafin ba sa daɗewa a jikin ƙananan yara, don haka sai annoba ta ɓarke ake bin ta da gudu. Da aka fito da MenAfriVac a 2010, tawagarsa na cikin waɗanda suka auna ta a Chadi, inda aka samu raguwar kashi 94 cikin ɗari a yankunan da aka yi rigakafin. Sai dai allurar nau'i ɗaya na ƙwayar cutar take karewa, kuma wani nau'in ne ya yi ɓarna a Zamfara da Sakkwato a 2017.

Batun lokaci bai bar tunaninsa ba. Tunda zazzaɓin cizon sauro a yankin Sahel na 'yan watanni ne, me zai hana a ba yara magani wata-wata a cikin damina kafin su kamu? Gwaje-gwajen da ya taimaka aka gudanar a Afirka ta Yamma suka sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da tsarin a 2012. Shi ne maganin da ma'aikata ke bi gida-gida suna bai wa 'yan wata uku zuwa ƙasa da shekara biyar a jihohin Arewa.

A 2021, yana da shekara tamanin da 'yan kai, ya sa hannu a wani bincike daga Mali da Burkina Faso. An yi wa yara allurar rigakafin maleriya gab da faɗuwar damina, sannan aka haɗa musu da maganin wata-wata. Kwanciya asibiti saboda zazzaɓi mai tsanani, da mutuwa sanadinsa, sun ragu da kusan kashi 70 cikin ɗari idan aka kwatanta da yaran da suka samu ɗaya daga cikin biyun kaɗai.