Bayyana jarin ilimi a bankuna

Jarin ilimi shi ne dukiyar kamfani da ba a iya taɓawa da hannu, wato ƙwarewar ma'aikata, tsarin aiki da manhajojin kwamfuta, da kuma amincewar abokan hulɗa. A banki wannan jari yakan fi gine-gine da motoci muhimmanci, domin yawancin kuɗin da banki ke juyawa na masu ajiya ne, kuma amana ce ta sa suka kawo.

Me ya sa ba tilas ba ne

Ƙa'idar lissafin kuɗi ta duniya mai suna IAS 38 ta hana kamfani ya rubuta sunan da ya gina wa kansa ko jerin abokan cinikinsa a cikin kadarorinsa. Kuɗin horar da ma'aikata ma a cikin abin da aka kashe ake lissafa shi. Don haka mai hannun jari ba zai ga wannan dukiya a takardar lissafi ba, sai idan bankin ya ga damar yin bayaninta a rahoton shekara. Kamfanin inshora na Skandia a ƙasar Suwidin yana cikin waɗanda suka fara yin haka, inda ya fitar da rahoto na musamman a 1995 ƙarƙashin jagorancin Leif Edvinsson.

Rawar hukumar daraktoci

Tunda doka ba ta tilasta ba, hukumar daraktoci ce ke yanke abin da za a faɗa. Ana sa ran daraktoci masu zaman kansu da kwamitin binciken kuɗi mai ƙarfi su matsa wa manajoji su fito da bayani. Sai dai ba a tantance irin wannan bayani kamar yadda ake tantance alƙaluman riba, shi ya sa wani lokaci yakan koma talla kawai. Banki zai faɗi yawan ma'aikatan da ya horar, ya yi shiru kan ƙwararrun da suka bar aiki.

A Najeriya

Bayan haɗe bankuna a zamanin Charles Soludo, wanda ya rage yawansu daga 89 zuwa 25, Babban Bankin Najeriya ya fitar da ƙa'idar shugabancin bankuna a 2006. Ƙa'idar ta hana mutum ɗaya riƙe kujerar shugaban hukuma da ta manajan darakta tare. Duk da haka, a ranar 14 ga Agusta 2009 gwamnan bankin Sanusi Lamido Sanusi ya sauke shugabannin bankuna biyar saboda tarin bashin da ba a biya da raunin shugabanci, aka zuba musu naira biliyan 420. A 2012 bankunan da ke kasuwar hannun jari suka koma rubuta lissafinsu bisa ƙa'idojin duniya na IFRS, waɗanda IAS 38 ke cikinsu.