Na'urar da ke Auna Ƙafa Kafin a Zaɓi Takalmi

Yau ƙafa za mu duba.

Lambar takalmi, 42 ce ko 43, tsawo kawai take faɗa. Ba ruwanta da faɗin ƙafa, ko tudun samanta, ko lanƙwasar tafinta. Shi ya sa za ku ga mutum biyu lambarsu ɗaya, wannan takalmi ya zauna masa daram, wancan kuwa ya wuni yana ɗingishi ranar Sallah.

An daɗe ana neman mafita. A shekarun 1920 Charles Brannock ya ƙera ma'aunin ƙafa na ƙarfe a birnin Syracuse na Amurka, har gobe ana amfani da shi. Akwai ma lokacin da kantuna ke haska ƙafar yara da hoton ƙashi, abin da jihar Pennsylvania ta haramta a 1957 saboda illar hasken.

Yanzu kuwa kyamara ce. Kamfanin Volumental na ƙasar Suwidin, wanda aka kafa a 2012, ya ƙera wani faifai da mutum zai cire takalmi ya hau. Cikin 'yan daƙiƙoƙi kyamarorin da ke kewaye sun ɗauki ƙafar, kwamfuta ta fito da siffarta sak, ana jujjuya ta a allo. Nan mutane da dama ke gano ashe damarsu da hagunsu ba girma ɗaya ba ne. A 2019 masana suka nazarci irin wannan awo guda miliyan 1.2 daga Arewacin Amurka da Turai da Asiya, suka ga ƙafafu masu tsawo ɗaya na shan bamban ƙwarai wajen faɗi. Ku lura, babu Afirka a lissafin.

To amma awo daban, ɗinki daban. A yawancin kantuna na'urar tana taya ka zaɓe ne cikin abin da masana'anta ta riga ta ɗinka. Ta nan badukun Kano da ke zana ƙafarka a kan kwali ya ɗara su, domin taka zai yanka wa fata.

Inda nake ganin na'urar ta fi amfani shi ne wajen masu ciwon sukari. Cutar kan kashe jijiyoyin ƙafa, takalmi ya yi ta gurzar mutum bai sani ba, har gyambo ya fito, wani lokaci ya kai ga yanke ƙafar. Da wannan awo ake ƙera musu shimfiɗar cikin takalmi mai ɗauke nauyi daga wurin da ke shan matsi. Duk da haka likitoci na cewa mai sukari ya riƙa duba tafin ƙafarsa kullum, ko da madubi ne.