Shan ƙwaya da giya ciwo ne, kuma yana da magani

A kasuwannin ƙauye da yawa ana sayar da ƙwayoyi bisa tebur ko cikin tire, kamar yadda ake sayar da goro. Samari na saye, magidanta na saye, har da mata. Wani yana sha don ya yini noma bai ji gajiya ba. Wani don ya kwana bisa babur yana kabu-kabu. Wani ya koyo a wurin cin rani ko a ramin haƙar zinariya. Wani kuma damuwa ce ta yi masa yawa. In abin ya kama mutum, iyali sukan rasa yadda za su yi. Sai duka, sai zagi, wani lokaci har da mari a ƙafa. Duk wannan ba ya warkarwa. Shaye-shaye ciwo ne, kuma a gidan likita ake fara neman maganinsa.

Abubuwan da ake sha

Tramol ya yaɗu ƙwarai. Asalinsa maganin zafin ciwo ne mai tsanani, likita ke rubuta shi. Ƙwaya guda ta farmasi takan zama miligaram 50, kuma likita ba ya wuce miligaram 400 a yini ga babban mutum. Amma wadda ake sayarwa a ɓoye takan kai miligaram 200 ko 225. Ke nan ƙwaya biyu ta 225 sun riga sun wuce iyaka.

Akwai diyazefam, ƙwayar da ke kashe jiki tana sa barci. Akwai ruwan maganin tari mai kodin, wanda Najeriya ta hana yin sa da shigo da shi a shekarar 2018. Akwai tabar wiwi. Akwai sholisho na liƙin taya, wanda yara ke shaƙa cikin tsumma, yana lalata ƙwaƙwalwa. Akwai zaƙami, wanda ake kira haukata-yaro. Akwai giya da burkutu. Giya tana cin hanta sannu a hankali, kuma in mai ciki tana sha, tana cutar da abin da ke cikinta.

Mafi hatsari shi ne haɗawa. Tramol da giya, ko tramol da diyazefam, suna rage numfashi. Mutum na iya kwantawa barci, bai farka ba.

Yadda ƙwaya ke kama mutum

Ƙwaya ba ta ƙara ƙarfi. Ɓoye gajiya take yi. Jiki na nan yana gajiya, amma mutum ba ya ji, har ya yi wa kansa illa.

Da farko ƙwaya ɗaya ta isa. Bayan ƴan makonni jiki ya saba, ɗaya ba ta yin kome, sai biyu, sai huɗu. Daga nan in bai sha ba sai ciwo ya taso: zufa, hamma, majina, ciwon gaɓoɓi, zawo, rashin barci da saurin fushi. Sai ya koma ya sha don ya samu sauƙi. A wannan lokaci ba daɗi yake biɗa ba, gudun ciwo yake. Shi ya sa faɗa da rantsuwa kaɗai ba su isa ba. Ƙwaƙwalwarsa ce ta saba, kuma sai an bi ta a hankali kafin ta koma daidai.

Ga lissafi. In mutum na kashe dala ɗari kullum wajen ƙwaya, a wata guda ya kashe jikka 15. A shekara ya wuce jikka 180. Kowane mai gida ya san yawan hatsin da wannan kuɗi ke saye.

Alamomin da iyali za su lura da su

Mutum ya rage cin abinci, yana ramewa. Barcinsa ya rikice. Idonsa ya yi ja, ko maganarsa ta yi nauyi. Ya bar gona, ya bar makaranta, ya sake abokai. Kuɗi ko hatsi ko ƴan kaji na ɓacewa a gida. Ya yi alkawarin bari sau da yawa, ya kasa. Wani kuma yakan faɗi yana jijjiga kamar mai farfaɗiya, alhali da can ba ya yi. Tramol mai yawa na kawo wannan faɗuwa. Sau da yawa akan ce iskoki ne, a yi ta turare, ƙwayar kuwa tana cikin aljihunsa.

Kada a tsaida shi dare ɗaya

Wannan magana tana da muhimmanci ƙwarai. Wanda ya daɗe yana shan giya kullum, in ya bari gaba ɗaya, hannunsa zai soma rawa cikin yinin farko. A kwana na biyu ko na ukku yana iya ruɗewa, ya riƙa ganin abin da babu, ya yi jijjiga, har ya rasa ransa. Haka ma mai shan diyazefam. Shi kuma mai shan tramol, ciwon bari ya fi tsanani a kwanakin farko, ya soma sauƙi wajen mako guda. Saboda haka kulle mutum a ɗaki don ya bari hatsari ne. Ma'aikacin lafiya ne ya san yadda ake ragewa kaɗan-kaɗan, da maganin da ke sauƙaƙa wahalar.

Ina za a je?

Ba sai an fara da tafiya birni ba. A fara da gidan likita mafi kusa, ko ƙaramin na ƙauye, ko CSI. A nemi ganin majo. Shi zai duba mutum, ya auna shi, ya ga abin da za a iya yi nan take. In ciwon ya fi ƙarfinsa, sai ya rubuta takarda zuwa asibitin gunduma. Daga can, in akwai bukata, a tura shi babban asibitin jiha, kamar na Maraɗi ko na Tawa, ko asibitin ƙasa na Damagaram. A asibitin ƙasa na Yamai akwai sashen masu ciwon ƙwaƙwalwa, wanda aka sani da Pavillon E. Zuwa irin wannan sashe ba ya nufin mutum ya haukace. Ma'aikatan wurin su ne suka koyi aikin jinyar masu shaye-shaye.

A riƙe takardar da majo ya bayar, kada ta ɓace. A tambaye shi ranar da ake ganin marasa lafiya a can da abin da za a biya, don kada a yi tafiyar banza. A tafi da ɗan'uwa guda mai haƙuri. A ɗauki kwalin ƙwayar ko kwalbar a nuna.

A gaban likita a faɗi gaskiya: me ake sha, guda nawa a yini, tun yaushe, da me ake haɗawa. Wanda ya ɓoye ya cuci kansa, don da wannan bayani ake auna magani. Ma'aikacin lafiya ba ɗan sanda ba ne. Aikinsa ya wajabta masa riƙe sirrin mara lafiya.

Jinyar kashi biyu ce. Na farko shi ne raba jiki da ƙwaya, wanda ke ɗaukar kwanaki ko makonni. Na biyu ya fi tsawo: komawa wurin likita a ranakun da ya sa, tattaunawa da shi, da gyara abin da ya jefa mutum cikin shan tun farko. In rashin barci ne, ko baƙin ciki, ko wani ciwon jiki, shi ma sai an yi maganinsa.

In mutum ya faɗi

In yana jijjiga, a janye shi daga wuta da ruwa da bakin rijiya. Kada a danne shi. Kada a sa masa cokali ko tsumma a baki. In jijjigar ta tsaya, a kwantar da shi bisa gefensa. In ya yi barcin da ba a iya tada shi, numfashinsa ya yi ƙasa, kada a ɗura masa nono ko ruwa, don suna iya shiga huhu. A kai shi likita nan da nan, da amalanke ko da mota, kada a jira safiya.

Aikin iyali da na gari

A yi masa magana lokacin da yake cikin hankalinsa, a keɓe, ba a gaban jama'a ba. A sa wanda yake jin nauyinsa, kawu ko liman ko aboki na ƙwarai. Addu'a da zuwa likita ba su hana juna. Kada a ba shi kuɗi a hannu a farkon jinya, amma a ba shi abinci da aikin yi. Abokan fada su taimake shi, kada su miƙa masa. In ya koma sha bayan ya bari, kada a fid da rai. Hakan na faruwa da mutane da yawa. A sake maida shi wurin majo.

Game da masu sayarwa, ƙasar Nijar tana da dokar yaƙi da miyagun ƙwayoyi tun shekarar 1999, kuma akwai hukumar OCRTIS mai farautar masu fataucinsu. Mai gari da jandarma su ne wurin kai ƙarar mai sayarwa. Kowace shekara, ranar 26 ga watan Yuni, duniya na tunawa da wannan yaƙi, bisa shawarar da Majalisar Ɗinkin Duniya ta yanke a 1987.

Mai sayarwa nasa hukuma ne. Mai sha kuwa mara lafiya ne, ɗan gari ne, kuma gonarsa na jiransa. Wanda ya karanta wannan labari ya karanta wa waɗanda ba su iya ba, a gida da dandali da wurin yaƙi da jahilci. Wanda ke da irin wannan mara lafiya a gidansa ya tafi wurin majo tun abin bai yi nisa ba.