Yadda A Ke Duba Altaneta Ta Hannu Kafin A Biya Kuɗi

Da zarar kaka ta yi a Zakirai da sauran garuruwan ƙasar Gabasawa, motocin ɗaukar kaya ba su da hutu. Gero da dawa da gyaɗa da wake duk suna jiran a kai su kasuwar Gezawa, ko a wuce da su Dawanau a Kano. Yawancin wannan zirga-zirga kuwa da asuba a ke yin ta, ko bayan magariba, lokacin da dole a kunna fitila. To, a irin wannan lokaci ne altaneta mai rauni ta kan tona asirin kanta. Fitila ta dushe, inji ya mutu, a kwana a hanya da kayan mutane, kasuwa ta ci ba da su ba.

Sabuwar altaneta tana da tsada, shi ya sa yawancin masu motoci su kan nufi kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano su sayi ta hannu, irin wadda a ke cirowa daga tsofaffin motocin ƙasashen waje. Wannan ba laifi ba ne, gama a kan dace da mai kyau. Amma a cikin tari guda akwai lafiyayya, akwai mai ciwo, akwai matacciya wadda aka wanke ta da fetur har tana ƙyalli. Wanda bai iya rarrabe su ba ya yi cinikin biri a sama.

Mene ne aikinta?

Batir kamar rumbu ya ke, ajiya kawai ya ke yi. Altaneta ita ce gonar da ke cika rumbun. Idan inji yana aiki, bel ya kan juya wani ƙarfe a cikinta wanda aka naɗe da wayar tagulla. Wuta kaɗan tana shiga wannan waya ta kan wasu 'yan gawayi biyu da a ke kira burushi, sai ƙarfen ya zama maganaɗisu. Juyawarsa ita ke haifar da wuta a cikin wayoyin da ke kewaye da shi. Wutar nan tana kai da komowa ne, batir kuwa ba ya karɓar irinta, saboda haka aka sa wasu ƙananan abubuwa da a ke kira dayod, galibi guda 6, waɗanda ke barin wuta ta wuce ta fuska ɗaya kaɗai. Akwai kuma mai daidaita wuta, wanda masu gyara ke ce wa kat-awut, shi ke hana ta yin yawa.

A dā dinamo ne motoci ke amfani da shi, wanda ba ya cajin kirki sai inji ya ɗauki gudu. A 1960 ne kamfanin Chrysler na Amurka ya fara fitar da ƙananan motoci da altaneta tun daga masana'anta, daga nan sauran kamfanoni suka bi.

Dubawa ta farko: ido da hanci

Mai saye ya tafi da tsohuwar altanetarsa, ya ajiye ta kusa da wadda za a sayar masa. Kunnuwan da a ke ɗaure ta da su, da fulin da bel ke hawa, da bakin da wayoyi ke shiga, lalle su zama iri ɗaya. Ya karanta takardar da ke manne a jikinta. Ta ƙaramar mota za a ga an rubuta 12V ko 14V, ta babbar mota kuwa 24V ko 28V, kuma ba a musanya su. Lambar da ke da harafin A ita ce yawan wutar da ta ke iya bayarwa, misali 70A ko 90A. Kada a sayi wadda ta gaza tsohuwar.

Sa'an nan ya duba ko jikin ya tsage, ko an taɓa yi masa walda. Ya leƙa ta ramukan iska. Wayar tagulla mai lafiya ja ce mai haske. In ta yi baƙi, ko tana warin ƙuna, ta taɓa ƙonewa, sai a ajiye ta. Farin gari a jiki da tsatsa a ciki alama ce ta ruwa ya taɓa shiga.

Dubawa ta biyu: hannu da kunne

A juya fulin da hannu, a kasa kunne. Lafiyayya tana juyawa sumul, ba ƙara. In an ji kamar ana niƙa tsakuwa, boris ya ci. A kama fulin a girgiza shi sama da ƙasa. In yana motsi, nan ma boris ne. Wannan ciwo yana gyaruwa da kuɗi kaɗan, amma dalili ne na neman ragi.

In mai kaya ya yarda a buɗe murfin baya, a dubi burushi. Wanda tsawonsa ya gaza milimita 5, watau bai kai tsawon ƙwayar wake ba, ya kusa ƙarewa. A dubi zobba biyu na tagulla da burushin ke gogawa. In sun yi kwari mai zurfi, sabon burushi ma ba zai daɗe a kansu ba. Mai mita ya auna tsakanin zobban nan, ya kamata ya ga kamar om 2 zuwa 6. In mita ba ta nuna kome ba, wayar ciki ta tsinke.

Dubawa ta uku: ƙwan fitila

Ana iya gwada dayod da batir da ƙaramin ƙwan fitilar mota. A haɗa waya ɗaya daga batir zuwa jikin altaneta, ɗayar kuwa ta bi ta cikin ƙwan zuwa babban notin da aka rubuta wa B. Sa'an nan a juya wayoyin a sake gwadawa. Ƙwan ya kama sau ɗaya kaɗai. In ya kama duk sau biyu, ko ya ƙi kamawa sam, dayod sun lalace. Sai dai a sani, wannan gwaji babbar ɓarna ya ke kamawa. Dayod guda ɗaya da ya mutu yana iya ɓoyewa, ba ya bayyana sai an ɗaura ta a inji.

Dubawa ta huɗu: a jikin mota

Wannan ita ce babbar shaida, gama gani ya kori ji. Tun kafin a ta da inji a auna batir. Cikakke yana nuna bolt 12.6, wanda ya sauka 12.2 kuwa rabinsa ya tafi. Da mataccen batir ba a gane gaskiyar altaneta. A ɗaure bel yadda in an danna tsakiyarsa da babban yatsa zai lotsa kamar rabin inci, ba fiye ba.

A murɗa makulli. Jar fitilar batir ta kama, in inji ya tashi kuma ta mutu. Yanzu mita ta nuna tsakanin 13.8 da 14.5. Sai a kunna manyan fitilu da fanka da duk abin da ke cin wuta, a ɗan taka totur. In ta tsaya sama da 13, altaneta tana da ƙarfi. In ta faɗo 12 da ɗoriya, batir ne ke ciyar da motar, ba ita ba. In kuwa ta haura 15, kat-awut ya lalace, za ta dafa ruwan batir ta ƙone ƙwayayen fitila. Babbar mota mai bolt 24 sai a ninka waɗannan lambobi.

A bar inji ya yi aiki kamar minti 15, domin wata tana caji da sanyi, in ta ɗau zafi ta daina. Kuka mai tsini kamar na sauro, wanda ke ƙaruwa in an taka totur, sau da yawa alamar dayod ce. Haka kuma batir da aka kwanta da shi cike aka wayi gari babu wuta.

Akwai wata al'ada da ta yaɗu a gareji, ta cire kan batir inji yana aiki, wai in bai mutu ba altaneta lafiya ta ke. Wannan dabarar zamanin dinamo ce. A motar yanzu, wutar ta kan yi tsalle ta ƙone dayod, har da kwamfutar motar. Mai mota ya hana a yi masa haka.

Ga masu injin niƙa da na ban-ruwa

Wasu su kan ɗaura altaneta a injin niƙa ko na ban-ruwa don cajin batir na hasken gida da wayoyin hannu. Dabara ce mai kyau, amma da sharuɗɗa. A mota altaneta tana juyawa ninki 2 zuwa 3 na gudun inji, saboda haka fulin injin ya fi nata girma, in ba haka ba ba za ta yi caji ba. Dole a haɗa ta da batir, yawancinsu kuma suna bukatar ƙaramin ƙwan fitila a wayar L ko D+, shi ke ba ta wutar farko. Mai 70A in tana cikakken aiki tana cin ƙarfin doki 2 ko fiye, ƙaramin inji zai ji nauyin. A nemi ta tsofaffin motoci, kamar Peugeot 504, gama ta sababbin motoci da yawa kwamfuta ce ke ba ta umurni. A kuma kāre ta daga garin niƙa da ƙurar hunturu, amma kada a toshe ramukan iskarta.

Ciniki

Kafin kuɗi su bar aljihu, a yi magana a fili: kwana nawa aka bayar na gwaji, kuma in ta ƙi, canji za a yi ko mayar da kuɗi? A karɓi rasit mai lambar altanetar, a yi mata alama da fenti a gaban mai kaya, don kada gardama ta tashi daga baya. Wanda bai san aikin ba ya ɗauki mai gyaran wayar mota da ya amince da shi, ya biya shi ladansa. Ladan nan bai kai kuɗin motar komawa Kano sau biyu ba, balle asarar kayan da suka kwana a hanya. Mai kayan da ya ƙi a gwada, a bar masa abinsa a shiga rumfa ta gaba.