Makullin Wayarki Ya Zauna A Hannunki

 A wannan mako za mu tattauna ne a kan wayar hannu, irin babbar nan ta shafawa, wadda yanzu har cikin lefe ake sa ta. Tun da MTN da Econet suka kawo wayar salula Nijeriya a 2001 abin yake ta bunƙasa, har ya zama yau daga Kankiya zuwa Kusada da ƙauyukan da ke kewaye, da wuya ki shiga gida ki rasa Tecno ko Itel ko Infinix.

Kakanninmu suna da adaka, makullinta kuma yana ɗaure a bakin zane, ba mai taɓa shi. To, uwargida, wayarki ita ce adakarki ta yau. Hotunan biki, da saƙonninki da maigida, da kuɗin adashi, duk suna ciki. Amma sai ki ga mace ta miƙa wa yaro wayar nan, ta gaya masa lambar sirri, ta ce ya kai kasuwa a buɗe ko a sa mata waƙoƙi.

Yaya aka yi kuɗi suka shiga waya? Sababbin kamfanoni ne suka kawo wannan. OPay ya fara aiki a 2018, PalmPay a 2019, ga kuma Moniepoint mai na'urar POS. Da aka yi ƙarancin takardun kuɗi a farkon 2023, har mai ƙosai da mai ƙuli-ƙuli sai da suka koyi karɓar taransifa. A watan Oktoba na 2024 masu zuba jari suka sa wa Moniepoint dala miliyan 110, darajarsa ta kai dala biliyan ɗaya. Abin lura a nan shi ne, irin wannan asusu a jikin layinki yake rataye. Wanda ya riƙe layinki ya kuma san lambarki, ya riƙe jakarki ke nan.

Makullan waya iri uku ne, kuma ya kamata ki san kowanne.

Na fari shi ne na fuskar waya, watau zane ko lambobi ko ɗan yatsa. In kin manta shi, abin da mai gyara zai yi yawanci shi ne filashin, wato ya wanke wayar tas, hotuna da lambobin 'yan'uwa su tafi. Bayan an wanke kuma wayar za ta nemi asusun Google da aka fara sa mata. Nan ne mata da yawa ke shiga uku, don kuwa mai shago ne ya buɗe musu asusun ran da aka sayi wayar, su ba su san sunansa ba balle lambarsa. Saboda haka ki buɗe naki da kanki, ki rubuta sunan da lambar a littafi, ki ajiye a ƙasan akwati.

Na biyu shi ne makullin layi, wanda ake kira PIN. Mata ƙalilan ne ke sa shi, alhali kuwa shi ne babba. Ɓarawo bai damu da zanen fuskar wayarki ba, zare layin zai yi ya sa a ƙaramar waya ya nemi hanyar kuɗinki. In da PIN, ya tashi a tutar babu. Amma ki kula: in kin sa lambar ba daidai ba sau uku layin zai rufe, sai an sa wata lamba mai suna PUK, wadda ke jikin katin da aka ɓallo layin. In aka kuskure ita ma sau goma, layin ya mutu. Kada ki yar da katin nan.

Na uku shi ne makullin kamfani. Wasu wayoyin da aka yi amfani da su a Ingila ko Amurka suna zuwa a ɗaure da layin can, ba su karɓar namu. Akwai kuma wayar bashi, irin ta Easybuy ko M-KOPA, wadda ke kulle kanta in lokacin biya ya wuce. Wani sai ya sayar miki da irin wannan da araha, bayan 'yan kwanaki ta rufe. Araha ba ta ado. Ko a Kankiya za a saya miki ko a kasuwar Farm Centre ta Kano, a sa layi a gwada nan take, a latsa *#06# a ga lambar wayar ta IMEI, a rubuta ta a jikin rasit. Wayar da ba rasit tana iya zama ta sata, ta jawo wa maigida zuwa ofishin 'yan sanda.

Sa'an nan batun gyara waya ta dace da ke. Wannan ba sai an je kasuwa ba. A wurin saiti za ki iya ƙara girman rubutu saboda Inna, ki canja ƙarar kira, wayoyi da dama kuma ana juya su zuwa Hausa. Allon rubutu na Gboard yana da ɓ da ɗ da ƙ, ba sauran a rubuta kofa alhali ƙofa ake nufi. A WhatsApp ki sa makulli na biyu, ki kuma zaɓi waɗanda za su ga hotonki. Lambar da aka aiko miki ta saƙo kuwa, ko wa ya kira ya ce daga banki yake, kada ki karanta masa.

In wayar ta lalace dole sai an kai gyara, ki cire layi da memori tukuna. Yawancin masu gyara 'ya'yanmu ne masu neman halal, amma rigakafi ya fi magani. In ba ki fita, maigida ko wani babba ya kai, ya tsaya a yi a gabansa. In kuwa ta ɓata, kada ki kwana: a kira 300 da wani layi na kamfaninku a rufe naki, a sanar da banki, daga baya ki je da lambarki ta NIN a dawo miki da shi.

Ku kuma ɗalibaina 'yammata, ku saurara. Tun 2021 ba a rajistar JAMB sai da NIN, kuma layin da kika aika saƙon neman lambar rajista da shi, shi hukumar za ta sani har ki sami makaranta. Kada ki ari layin mai shago ko na ƙawa, ki kuma adana wanda kika yi da shi. Hoton da ba za ki so mahaifinki ya gani ba, kada ma ki ɗauke shi, don abin da ya shiga waya ya fi ƙarfin a ce sirri ne.

Don Allah wadda ta karanta wannan ta karanta wa maƙwabciyarta da ba ta yi boko ba, ta kuma zauna ta nuna mata da hannu. In kunne ya ji, jiki ya tsira. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.