Ƙazuwa da Maganinta a Bakin Gulbin Rima

Idan hunturu ya sauko ƙasar Wurno da Rabah da Goronyo, aka ja ƙyaure aka rufe, yara huɗu ko biyar suka cure a tabarma ɗaya ƙarƙashin mayafi guda, to lokacin ƙazuwa ya yi. Uwa ba ta jiran a gaya mata. Cikin dare take jin ƙarar susa daga shimfiɗar yara. Gari na wayewa sai ta kamo hannun yaro ta ware yatsunsa, ta duba wuyan hannu da hammata da cibiya da ƙugu. In ta ga 'yan ƙananan ƙuraje masu ruwa a tsakanin yatsu, ta san baƙon da ya sauka.

Mutanen bakin gulbi ba sa yi wa ƙuraje kuɗin goro. Akwai ƙurajen zafi na bazara, akwai makero da ke cin kan yara, akwai ƙyasbi, akwai ƙarambau, ga kuma ƙyanda wadda ake sakaya sunanta a ce baƙon dauro. Manoman shinkafa a fadamar Wurno da masu noman rani a ƙarƙashin madatsar ruwan Goronyo suna da nasu daban, ƙaiƙayin da ke kama ƙafa bayan an daɗe cikin ruwa. Wannan bai kamata a raina shi ba, domin ta fata tsutsar tsargiya take shiga jiki.

Amma ko wane iri ne, tsofaffi sun fi ɗauka cewa ƙurji daga ciki yake fitowa. Za ka ji kaka ta dubi jikanta ta ce wa uwarsa, "Ke ɗiyar nan, zahi na, ki bar shi shi hito." A ganinsu jiki ne ke amayar da dattin da ya tara, kuma abin tsoro shi ne ƙurji ya koma ciki. Shi ya sa magani kan fara daga wankin ciki: a jiƙa filasko da tsamiya, ko a ba yaro jiƙon sassaƙen maɗaci ya sha yana yamutsa fuska. Wannan tunani ba jiya ya zo ba. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya yi zaman ribaɗi a Wurno kuma ya rasu a can a 1837, ya rubuta littattafai a kan magani, har da wani ɗan littafi sukutum a kan amfanin filasko.

Bayan ciki sai fata, kuma a nan ne mata suke nuna gwaninta. A tsinko ganyen dogon yaro, a haɗa da sabara ko garafuni, a tafasa har ruwan ya yi kore ya yi ɗaci. Wasu su daka bagaruwa su zuba, musamman idan ƙurajen sun fashe suna ruwa. A zaunar da yaro a bayan ɗaki da hantsi, a cuɗe shi da sabulun salo da soso har sai ya yi kuka, sannan a ɗauraye shi da ruwan ganyen, a bar shi ya bushe a jikinsa.

Sai uwa uba, farar wuta. Ana sayenta ranar kasuwa wurin 'yan koli, dunƙule-dunƙule ruwan ɗorawa. A niƙe ta lilis, a kwaɓa da man kaɗe, a shafe jiki da ita da dare, kwana uku a jere. Warinta ba ya ɓuya. Duk wanda aka shafa wa, maƙwabta sun sani. Na daɗe ina jinjina wa wadda ta fara gano wannan haɗi, domin shi ne ainihin maganin. Har gobe likitoci suna rubuta man farar wuta mai ƙarfin kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari, kuma shi ake zaɓar wa jariran da ba su kai wata biyu ba. Abin da tsohuwa ba ta da shi kawai shi ne ma'auni: in ta cika hannu, fatar yaro ta ƙone.

Idan abu ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, wasu su kira wanzami ya yi ƙaho don a zuƙe mataccen jini, wasu su je wurin malam a yi tofi a ruwan wanka ko a karɓo rubutu. Ana kuma hana mai ƙuraje cin wasu abubuwa, kamar kifi da ƙwai, abin da ke ba ni takaici a ƙasar da kifi yake kusa kuma yaro mai miki yana buƙatarsa. Mafi muni shi ne abin da zamani ya kawo: masu shafa kananzir, ko baƙin man inji, ko ma maganin feshin gona da ya rage daga albasa. Wannan guba ce, fata tana tsotse ta. Haka man shafawa na kemis mai haɗe-haɗe, wanda ke kwantar da ƙaiƙayi kwana biyu ya bar cutar tana yaɗuwa a ɓoye.

Gaskiyar lamarin, ƙazuwa ba daga ciki take ba. Wani ɗan mitsitsin ƙwaro ne da ido bai cika gani ba, macen ta haƙa rami a ƙarƙashin fata ta zuba ƙwai. Wanda ya kamu karon farko yakan yi mako huɗu zuwa shida bai fara susa ba, alhali yana raba wa na kusa da shi. A nan al'adarmu take da giɓi. Ana yi wa mai susa magani, a ƙyale yayansa da ƙanensa da suke kwana tare don su "lafiyarsu lau". Bayan wata guda sai abu ya dawo, a ce maganin ne ba shi da kyau, ko a fara zargin sammu. Ko farar wuta ce, ko ruwan benzil benzowet da ake samu a asibiti, ko ƙwayar ibamektin, ƙa'idar ɗaya ce: duk 'yan ɗaki a rana ɗaya. Kuma ƙaiƙayi yakan ci gaba har makonni bayan ƙwaron ya mutu, ba alamar magani bai ci ba ce.

Kunya ma tana da nata laifin. An laƙaba wa ƙazuwa sunan ciwon almajirai da ƙazamai, har matar gida ta gwammace ta ɓoye hannun ɗanta da ta kai shi asibiti. Cunkoso ne ke kawo ta, ba rashin wanka ba, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda ta sa ta cikin cututtukan da aka yi watsi da su a 2017, ta ƙiyasta cewa mutum fiye da miliyan 200 ne ke ɗauke da ita a kowane lokaci. Ɓoyon yana da tsada, don mikin susa in ya yi mugunya yana iya taɓa ƙodar yaro, a wayi gari fuska da ƙafafu sun kumbura.

Ƙwaron ba ya wuce kwana biyu ko uku da rai in ya rabu da jikin mutum. Saboda haka tsohuwar da ke sa a fito da tabarmi da barguna da tsummokara a baza su a kan danga, a tafasa rigunan yara, ta yi rabin aikin likita. A gidajen da ake haɗa wannan da shafe kowa da kowa, daga goyo har maigida, kafin albasa ta isa cira dare ya koma shiru.