Intanet ɗin gida a Cheras: ku tambayi waya kafin ku kama ɗaki

Masu shirin zuwa karatu Malesiya sukan ɗauka da zarar jirgi ya sauka, an yi sallama da matsalar intanet. A sababbin dogayen benaye haka abin yake. Amma Cheras cike take da tsofaffin gidajen haya, kuma a nan wayar da ke cikin bango ce ke da ta cewa.

Ginin da nake zaune kamfani ɗaya ne kaɗai ya ja masa waya. Ƙarfe goma na dare, lokacin da kowa ya dawo gida, sauke takardun bincikena kan koma aikin haƙuri. A Kano kuwa uku ne na rana, daidai lokacin da Mama ke samun sukunin kira. Rabin hirarmu "Kina ji na?" ce. Ƙarshen wata kuma kuɗi cif, babu ragi.

Abin yana da tushe. Telekom Malaysia ne ya gaji layukan wayar gwamnati. A 2008 suka ƙulla yarjejeniyar shimfiɗa wayar fayiba, a 2010 aka ƙaddamar da Unifi. Kamfanoni irin su Maxis sukan yi hayar wannan layin ne su sayar wa jama'a. A 2018 hukumar sadarwa ta MCMC ta ƙayyade kuɗin hayar, farashi ya sauko sosai. Sai dai doka farashi take ragewa. Ba ta ja wa tsohon gini sabuwar waya. 'Yan Najeriya da suka ga zamanin NITEL kafin zuwan GSM a 2001 sun san yadda kasuwar mutum ɗaya take.

Don haka, kafin ku biya kuɗin haya, ku tambayi ofishin kula da ginin kamfanoni nawa ne ke da waya a ciki, kuma fayiba ce ko tsohuwar jan ƙarfe. Ku karanta yarjejeniya da kyau: yawanci ta wata 24 ce, alhali bizar ɗalibi shekara-shekara ake sabunta ta, kuma wanda ya fita kafin wa'adi zai biya tara. Wanda karatunsa ya kusa ƙarewa, gara ya tsaya ga datar wayar salula. In kuma kamfani ya yi kunnen uwar shegu da kokenku, MCMC na karɓar ƙorafi.